Randar Baƙo

Tun da na dawo daga ƙasar Sakkwato 'yan majalisarmu ta bakin shago ba su bar ni na sarara ba. Wannan ya ce yaya zafin garin, wancan ya ce da gaske ne fura ce abincin ranarsu, wani kuma abin da ya tsaya masa a rai shi ne ina allon nan da na yi ta fama da shi kafin in tafi, na hana kowa ya taɓa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya tsinci inda ya yi masa daɗi ya tafi da shi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Sunana Dalhatu, sana'ata rubutun allon ƙarfe a Tudun Wadan Zariya, irin allunan da ake kafawa a bakin titi ko a liƙa a goshin shago. Sana'ar ta ɓata mini ido. Ba na iya wuce rubutu ban duba ko layinsa ya miƙe ba, kuma a ganina duk wurin da ba a rubuta sunansa ba, ba a ɗauke shi da daraja ba.

Ban san mahaifina ba. Malam Haruna maɗinkin manyan riguna ne, ina goye ya ɗauki ƙunshin riguna zai kai kasuwar Jega. Daga Sakkwato ya hau saman wata motar albasa, motar ta kife tsakanin Bodinga da Shagari. Abokin tafiyarsa ya karye a kwatangwalo, wata mota ta kwashe su da sauran masu rauni ta kai asibiti, aka bar mahaifina don an ga ba zai ɗauku ba. Sai da mutumin ya fara takawa sannan ya iso Zariya da ƙunshin rigunan da hular mahaifina, waɗanda aka bi shi da su asibiti daga baya. A cikin ba da labari ya faɗi wata magana da ya kamata ya haɗiye. Ya ce, "Har aka ja motar da mu ina jin sa yana kiran ruwa."

Mahaifiyata, wadda muke kira Iya, tana bayan ƙyaure ta ji. Ta yi takaba, ta sake aure, ta haifi ƙannena, ta aurar da su, amma maganar nan ba ta bar ta ba. Tun ina yaro na san Iya ba ta ɗaukar kofi ta kafa kai kamar kowa. Sai ta kai shi dab da baki ta tsaya, ta ɗan yi shiru, sannan ta kurɓa kaɗan ta ajiye. Mu da muka tashi muka gani mun ɗauka halinta ne. Sai bana, da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, likita ya ce lallai ta riƙa shan ruwa da yawa ita kuwa ta kasa, sannan ta kira ni ta faɗa mini dalili.

Ta ce, "Dalhatu, shekara arba'in da ɗoriya ke nan ban sha ruwa ya yi mini daɗi ba. Ka je garin nan ka tambayo mini. Ba kabarinsa nake son ka gani ba. Ka tambayo mini ko an ba shi ruwa."

Na amsa mata da to, amma a raina na ce wannan tambayar tsofaffi ce, wa zai tuna? Ni abin da na ga ya dace da ɗa shi ne ya kafa wa ubansa alama. Na sami fallen ƙarfe mai kauri, na goge, na shafa kore mai duhu sau uku, na rubuta sunansa da farin fenti, boko a sama ajami a ƙasa: Malam Haruna ɗan Isiyaku, Bazazzage, ya rasu a kan wannan hanya. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba. Na naɗe shi cikin buhu, na ce in na je can na sa a yi masa ƙafafu.

Da sassafe muka tashi daga tashar Zariya. Direba ya so ya ɗaure allon a saman mota, na ce sai dai ya ɗaure ni. Haka na rungume shi a kan cinya, gefensa yana sukar wani Bakano mai sayar da atamfa da ke kusa da ni. Da ya ji ni Bazazzage ne sai ya ce, "Dama na sani. Wa zai shigo mota da ƙofar gidansu in ba bawana ba?" Na ce masa ya gode Allah ma da ya samu ya zauna kusa da ubangidansa. Muka yi ta wannan tsiya har muka wuce Funtuwa.

Daga nan wasa ya ƙare. Akwai wani yanki na hanyar kafin Gusau da duk mai bin ta ya san shi. Direba ya kashe rediyo, wata tsohuwa a baya ta fara jan carbi da ƙarfi, Bakanon nan da bakinsa ba ya rufuwa ya yi tsit. Na ga gidajen da aka bari ba kowa, rumbuna a buɗe. Na yi ta tunanin mutanen da suka ƙare a irin waɗannan wurare ba wanda ya rubuta ko da harafin farko na sunansu, na ƙara ƙanƙame allona.

A kan iyakar Zamfara da Sakkwato akwai shingen bincike. Wani jami'i ya leƙo, idonsa ya faɗa kan buhuna, ya ce in sauko da shi. Na ga yadda ya gyara riƙon bindigarsa. Na kwance igiyar. Ya karanta, leɓensa yana motsi, ya daɗe a kan layin ƙarshe. Ya ce, "Babanka ne?" Na ce e. Ya taya ni mayar da shi cikin buhun da hannunsa, ya ce nasa uban ma a hanya ya rasu, Allah ya jiƙansu gaba ɗaya. Da na koma mota Bakanon bai sake cewa allon yana sukarsa ba.

Mun shiga Sakkwato bayan la'asar. Zafin garin ba ƙarya ake yi masa ba, iskar da ke shigowa ta taga kamar an buɗe tanda. Ban tsaya ba, na nemi motar Bodinga. A cikinta na haɗu da Malam Altine, wani tela siriri mai furfura a gemu, ya sayo zare da yadi. Maganarsu ta ɗan ba ni wuya da farko. In ka ce lafiya su ce lahiya, in ka ce suka zo su ce sunka zo, kuma gaisuwarsu ba ta ƙarewa da wuri. Mu a Zariya in ka tambayi gida da aiki ka gama, su kuwa sai an bi ta kan gajiya, da rana, da iyali, da dabbobi, a dawo a sake. Da ya ji abin da ya kawo ni, da kuma sana'ar mahaifina, sai ya dafa gwiwata.

"Kai ɗan maɗinki na? To ba ka kwana tasha ina garinga. Allura guda munka riƙa da ubanka, ko ban san shi ba."

A zaurensa na sauka, tsakanin keken ɗinki da tarin albasa, don kusan kowane gida a can akwai albasa, har tufafina sai da suka ɗauki warinta. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, da wani abu mai tauri da suke kira hoce, na dawa, wanda na kusa barin haƙorina a ciki kafin Malam Altine ya nuna mini ana jiƙa shi. Da safe kuwa ina jiran koko da ƙosai sai ga ƙwaryar fura shaƙe da nono. Na sha don kunya, na ƙare da neman ƙari.

Kafin in fara cigiya ya ce sai ya nuna mini garinsu. Ya ɗauke ni a babur muka zaga Bodinga, muka leƙa Sifawa. Ƙasar nan cike take da tarihi, ko'ina ka juya a ce maka nan malaman jihadi suka zauna, nan suka karantar, nan aka yi masallaci. Wasu wuraren an kafa musu alluna, ni kuwa ido ya sami abin yi. Wani rana ta cinye rubutunsa sai inuwar haruffa, wani an liƙe shi da hotunan 'yan siyasa, wani kuma an ɗaure akuya a ƙafarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce da Malam Altine da a hannuna suke da ba haka ba. Ya yi murmushi ya ce ai ko allon ya goge, duk wanda ka tara a hanya zai gaya maka abin da aka yi a wurin. Na ce masa baki yana mantuwa, fenti mai kyau ba ya yi. Bai yi musu da ni ba.

Game da mahaifina kuwa, dattawan da muka tambaya a Bodinga ba wanda ya iya tunawa. Aka ce in je tashar Shagari, akwai tsofaffin direbobi da ke zama a can. Na rungumi buhuna na shiga wata ƙaramar bas.

Mun yi nisa, rana ta take, sai direba ya gangara gefen titi ya tsaya ƙarƙashin wata tsamiya, ba wanda ya ce zai sauka. Fasinjoji suka fita ɗaya bayan ɗaya. Ashe wata babbar randa ce aka binne rabinta a ƙasa, an rufe ta da tsohon faifai an danne da dutse, ga moɗa a rataye. Kowa ya sha ya ce wani abu ƙasa-ƙasa ya ba na bayansa. Ni haushi ma nake ji an ɓata mini lokaci. Na duba ko'ina ban ga allon sunan ƙauyen ba, na ce a raina wannan wane irin gari ne da ba shi da suna. Amma ƙishi ya fi ƙarfin haushi. Na karɓi moɗar na sha, ruwan sanyi ƙalau, na goge baki na koma mota.

A Shagari aka nuna mini wani tsoho a kan benci, idonsa ɗaya ya yi fari, ana ce masa Baba Janyau. Ya ce ya yi tuƙi a hanyar tun ba ta da faɗin haka. Na durƙusa na gaishe shi, na gwada irin doguwar gaisuwarsu, na yi masa bayani.

"Wane haɗari, ɗana? Hanyagga ta ci mutane da yawa."

Na ce motar albasa ce, da rani, kuma wanda ya rasu baƙo ne, a nan aka rufe shi.

Ya ɗago kai. "Baƙo? Bazazzage mai riguna?"

Na ce shi ne.

"Daga Bodinga kaz zo? Ba ku tsaya kun sha ruwa ba, gindin tsamiya, kahin Lambara?"

Na ce mun tsaya.

"To ai nan na. Randar Baƙo. Duk direban da ka bin hanyagga ya san ta. In ka sha sai ka ce Allah shi jiƙan baƙo. Kai mi kac ce da kash sha?"

Ban ce komai ba da na sha. Sai na sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan buhun. Tsohon ya bar ni na yi mai isata, sannan ya sa aka tsayar mini da mota mai komawa.

Ƙauyen yana bayan tsamiyar, gidaje kaɗan ne. Aka kai ni wurin liman, wani dattijo mai sanyin magana. Ya ce shi yana yaro aka yi abin, mahaifinsa ne ya sallaci gawar. Ya raka ni maƙabarta. Fili ne kawai da ƙaya a kewaye, ƙasa ta daidaita, sai fasassun tukwane nan da can. Ya nuna wani gefe da sandarsa ya ce tsakanin nan ne, amma ba zai ce ga ainihin wurin ba. Muka yi addu'a. Sannan na kwance buhuna na fito da allon, rana ta haska shi, na ce ina neman izini in kafa.

Ya duba shi da kyau, ya yaba hannuna. Sannan ya ce, "Mu nan ba mu rubuta suna bisa kushewa. Ubana na nan ciki, uwata na nan ciki, ban san inda suke ba. Wanda za ya tashe su ya sani."

Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye ba. Na ce masa na ga alluna a Bodinga da Sifawa, ko sai manya ne ke da suna? Bai ɗauke ni da zafi ba. Ya ce waɗancan inda mutane suka zauna suka yi aiki ake nunawa, kuma in ina son bakin titi, wurin yana da mai shi, ba shi ke da iko ba. Ya ce in zo ya kai ni wurin Inno Kulu.

Gidanta shi ne na farko daga titi. Muka yi sallama aka yi mana iso. Tsohuwa ce ƙarama, ta ranƙwafa, tana zaune a tabarma tana tsinke zogale. Liman ya ce mata, "Inno, ga ɗan baƙonki ya zo." Ta saki ganyen da ke hannunta. Ta daɗe tana kallona, ta ce in matso, ta kama fuskata da hannu biyu ta juya ta wajen haske.

"Goshin na. Goshinai na wanga. Ashe ya bar ɗa."

Na zauna a ƙasa a gabanta. Duk maganar allon ta fice mini daga kai, sai tambayar Iya kaɗai ta rage. Na ce, "Inno, mahaifiyata ce ta aiko ni, tana kwance. Ta ce in tambayo ko an ba shi ruwa."

Liman ya kau da kai. Ita kuwa ta dube ni ta ce:

"Ba ni yi maka ƙarya, ɗana. Ina amarya sa'annan. Maza duk sun tahi hwadama wurin albasa. Nij ji ƙara, nih hita da gudu, ba ko mayahi. An kwashe sauran masu rauni, shi an jingine shi ga tsamiya. Yana ganina yac ce, baiwar Allah, ruwa. Nik komo gida da gudu, nib buɗe randa, babu ko ɗigo. Da sahe nic ce sai rana ta yi sanyi in ɗebo. Ƙiwuya ta ƙuruciya. Nit tahi rijiya, kuma rijiyarmu sa'annan da nisa. Nid dawo da tulu bisa kai ina gudu, rabin ruwan ya zube ga jikina."

Ta tsaya ta goge ido da bakin zanenta.

"Na iske ya cika. Hannunai guda na bisa ƙunshin rigunan. Wani makiyayi da yat tsaya wurinai yac ce ya yi shahada, ya ji da kunnenai. Ruwan da nik kawo, da shi anka hwara yi mai wanka."

Duk tsawon hanya ina ce wa kaina ba wanda zai tuna, ashe a can ƙasan raina na sa rai a ce mini e. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, ita ma tana yi.

Da muka natsu ta ce washegarin ranar ta roƙi mijinta ya kai randar aurenta gindin tsamiyar. Tun daga ranar ba ta bari rana ta fito ta sami randar babu ruwa ba. Ta cika ta tana da ciki, ta cika ta tana da goyo, ta cika ta ranar da mijinta ya rasu. Randa ta fashe an sake wata, an sake wata. Yanzu da ƙafa ta ƙi, surukarta ke ɗebowa, ita kuwa sai ta dogara sanda ta je ta leƙa da idonta kafin ta karya kumallo.

Sai ta ce, "Abu guda ya dame ni. Kullum in na yi mai addu'a sai in ce baƙo. Mi as sunanai?"

Na jawo allon na ɗora a gabanta. Ta ce ita ba ta karatu, in karanta mata. Na sa yatsa a kan farin fentin na karanta a hankali. Ta maimaita, "Haruna. Haruna ɗan Isiyaku." Ta sake faɗa, ta sake, kamar mai gudun kada ya kuɓuce mata. Ta ce, "To na riƙe. Malam Haruna, sannu da ƙishirwa."

Na ce mata ina so in sa a yi wa allon ƙafafu in kafa shi kusa da randar. Ta shafa shi, ta ƙwanƙwasa, ta gwada nauyinsa. Ta ce masu wucewa ba su tsayawa don karatu, don ruwa suke tsayawa. Amma akwai abin da ya daɗe yana damunta: faifan nan iska tana ɗauke shi, awaki su sa baki, ƙasa ta shiga. Ko zan bar mata ƙarfen ta rufe randar da shi?

Aikin da na fi alfahari da shi a duniya, wai murfi. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna ni da na iya karatun na zo wurin na sha ruwa na tafi ban ce uffan ba. Na ce mata to.

Tare muka je, tana dogara sanda, liman yana biye. Na ɗauke faifan na ɗora allon, rubutun yana sama. Ta ce a'a, rana za ta cinye shi, in kifa. Na kifa shi, sunan yana kallon ruwa. Ya zauna daram kamar don randar aka yanka shi. Muna tsaye wata mota ta tsaya, wani mutum ya sauko ya ɗaga murfin ya sha, ya ce Allah shi jiƙan baƙo. Inno Kulu ta ce masa, "Haruna sunanai." Ya ce Allah shi jiƙan Haruna, ya koma motarsa.

Na sayi ƙaramar jarka a Bodinga, washegari na koma na cika ta daga randar, na yi sallama da Inno Kulu. Malam Altine ya raka ni tasha da ƙullin hoce da albasar da ta fi ƙarfina, ya ƙi ko sauraron godiya.

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo. Jarkar tana kan cinyata inda allon ya zauna, ni kuwa ina ta saƙa da warwara. Kalma ɗaya ce, in ce wa Iya e, an ba shi. Wa zai ƙaryata ni? Tsohuwa ce, tana ciwo, ƙarya irin wannan ko malamai sa yi mini uzuri. Har muka wuce Gusau ina kan cewa haka zan yi. Amma duk lokacin da na shirya maganar a bakina sai in ji muryar Inno Kulu tana cewa ba ni yi maka ƙarya, ɗana. Ita da ta fi kowa dalilin ɓoyewa ba ta ɓoye ba.

Na isa gida da yamma. Iya tana jingine da filo, ƙanwata tana yi mata fifita. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

Ta ce, "An ba shi?"

Na ce, "Bai samu ba, Iya."

Ta rufe ido. Na ce ta tsaya ta ji sauran. Na gaya mata komai: amaryar da ta fita ba mayafi, randar da ba ruwa, gudun rijiya, shahadar da makiyayi ya ji, wankan. Na gaya mata akwai wuri a ƙasar Sakkwato da direbobi ke tsayawa ba wanda ya ce su tsaya, kuma tun ina goye ba a yi ranar da wani bai sha ruwa a wurin ya yi wa mijinta addu'a ba. Hawaye suna bin gefen fuskarta suna shiga kunne, ba ta share ba.

Can ta ce, "Ita matar, tana da rai?"

Na ce tana nan, kuma yanzu ta san sunansa.

Ta ce, "Allah ya shayar da ita." Sannan ta dubi jarkar. Na ce daga randar ne. Na zuba a kofinta na silba na miƙa mata, ni da ƙanwata muka zuba mata ido, muna jiran tsayawar nan da muka sani tun muna yara.

Ta yi bisimilla ta kafa kai. Ba ta sauke ba sai da ta shanye. Ta miƙo mini kofin ta ce, "Ƙaro."